Bar Ni, Ban Gama Ba

"Gobe ba za ta koma makarantar nan ba," in ji maigidana. "In zuba ruwa ne karatun, ai akwai buta a gida."

Zamanin Shugaba Ahidjo ne, muna zaune a unguwar Briqueterie. Ina da ƙuruciya, kaina cike da littattafan soyayya, har na gama hango 'yata Balaraba cikin farar rigar likita. Amma a makarantar ƙananan yara da muka sa ta wajen unguwar Cité Verte, yaro ke zaɓen aikinsa. Ita kullum sai ta ɗauki ɗan tulu tana tsiyaya ruwa a kofuna. Da na yi ƙorafi, malamarsu ta ce, "Madam, hannun da zai riƙe alƙalami take gyarawa."

Da yammar nan surukina ya zo cin tuwo. Kafin in miƙe, Balaraba ta ɗauko buta da kwano, ta durƙusa gabansa. Butar ta yi mata nauyi, babanta ya kai hannu zai karɓa.

"Abba, bar ni, ban gama ba."

Ta tsiyaya a hankali. Ɗan abin da ya zube, ta ɗauko tsumma ta goge.

Tsohon ya yi dariya. "Amaryata, wa ya koya miki?"

"Ni na koya wa kaina, angona."

Washegari babanta da kansa ya ɗora ta a ɗan babur ɗinsa mobilet, sai makaranta.

Yau jikata ta ce mini "bar ni", na janye hannuna. Ku fa, kuna iya haƙuri yaro ya gama?