Bishiyar da Aka Miƙe Mini

Ina aji biyar a wata sakandare a Jalingo, ba a daɗe da ba mu jiha ba, malamin lissafi ya zaɓe ni in wakilci makaranta a gasar kimiyya. Wadda ta ci za a kai ta zagaye na gaba a wata jiha, ni kuwa ko Yola ban taɓa zuwa ba.

Aikin da ya ba ni bishiya ce a kan kwali. Kowane reshe ƙwayar halitta ce ta jikin mutum. Sai in jefa ƙwandalar naira ɗaya: in kan mutum ya fito, reshen ya rabu biyu, in dawaki suka fito, ya tsufa ke nan, ya daina rabuwa. Malam ya ce kusan haka jiki yake tsufa, wani sashe ya gaji da wuri, wani yana ta sabuntawa.

Mako biyu ina fama a tsakar gidanmu a unguwar Majidaɗi, har Inna ta zaci caca na koyo. Sau uku bishiyar tana mutuwa tun tana ƙarama. Ta huɗun ta rayu, amma a karkace: dama cunkus da rassa, hagu ƙwaya biyu tak. Ina son ta haka, don ban yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ana gobe gasa, Malam ba ya nan, mataimakin shugaban makaranta ya gan ta. "Wannan bishiya ya karkace," ya ce. "Manyan baƙi ne za su zo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ƙwandalar ta bayar."

"Ƙwandala ne zai koya mana aiki?"

Ya sa malamin zane ya sake zana ta a sabon kwali, dama da hagu daidai wa daida, har da koren fenti. Tawa kuwa a ƙarƙashin gwangwanayen fentin ta ƙare.

Washegari alƙaliyar gasar, wata dattijuwa mai tabarau, ta daɗe tana ƙirga rassan. Ta ce, "'Yata, ƙwandala ba ta haifar da bishiya mai kyau haka. Ba ki jefa komai ba, zana abinki kika yi."

Na juya na dubi mataimakin shugaban. Yana tsaye a bayana, yana kallon silin. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi, ba don tafiyar da na rasa kaɗai ba. An kira ni maƙaryaciya a gaban jama'a, kuma wanda ya yi ƙaryar bai ko yi tari ba.

A bakin ƙofa ya tsayar da ni. "Kin ba mu kunya," ya ce.