Garwa Uku a Cikin Arba'in

Shekara talatin da ɗaya Skevos yana dafa wa masu nutso cikin teku neman soso na tsibirin Kalimnos abinci. A zamaninmu jirgi kan yi wata bakwai bai ga gida ba, don haka guzuri shi ne rai: busasshen burodi, wake, man zaitun, da soyayyen nama garwa arba'in, kowace an rufe bakinta da kitse kaurin yatsa biyu.

A shekarar da nake magana, maƙerin da ke shafa wa tukwanen tagulla kuza ya rasu. Skevos ya soya nama a tukunyar da shafinta ya goge, ya bar na ƙarshe ya huce a ciki. Sai da aka gama lodin jirgi matarsa Temelina ta nuna masa gindin tukunyar. Kore shar da tsatsar tagulla, wadda guba ce.

"Maigida, garwa nawa ka cika da wannan?"

"Uku."

"Waɗanne?"

Skevos bai yi musu alama ba. Duk garewanin kamarsu ɗaya, ga mutum ashirin za su ci. Ya ji tsoron faɗa wa kyaftin, aka tashi da maganar a cikinsa.

Dabarar da ya yi ita ce, duk garwar da ya buɗe, sai ya fara cin cokali uku, ya zauna yana sauraron cikinsa, kafin ya zuba a tukunya.

"Kawu Skevos, ɓeran jirgi!" in ji masu nutso. "Kai ke fara ci, kai ke ramewa. Ina naman ke zuwa?"

Ya kan yi yaƙe kawai.

Garwa ta goma sha bakwai ce ta kayar da shi. Da rarrafe ya tura ta cikin teku, sannan amai ya ƙwace masa. Kwana uku yana kwance, a na huɗu ya faɗa wa Kyaftin Sakellaris gaskiya, yana jiran a sauke shi a gaɓar farko.

Kyaftin ya daɗe yana kallon garewanin da suka rage.

"Tsohon banza. Wata uku kai kaɗai? Saura biyu ke nan."

"Biyu, ranka ya daɗe."

Kyaftin ya zaro cokali daga aljihun Skevos, ya goge a wando.

"To, buɗe ta gaba. Yau ni zan fara ci."