Ranar da Daddawar Inna Ta Shiga Jami'a

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na je kare aikina na ƙarshe a jami'a. Har yau in na tuna, sai in ajiye abin da nake yi in yi ta dariya ni kaɗai, yara su riƙa leƙo ni suna tambayar ko lafiya.

Na koma karatu ne bayan na haura arba'in. A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Maƙarfi, ga yara, ga maigida, ga tukunya da ba ta san ana jarrabawa ba. Tun ina 'yar makaranta nake son zama injiniya, amma aure da haihuwa da aiki suka sha gabana. Da na samu gurbi a Zariya, sai na tarar 'yan ajinmu duk sa'o'in babbar 'yata ne. Mama suke ce mini. Ranar farko ma da na shiga, sai ajin ya yi tsit, sun ɗauka ni ce malamar. A unguwa kuwa, tun ban gama shekarar farko ba aka fara turo mini matattun rediyo da dutsen guga, wai ai gidan injiniya ne. Wata maƙwabciyata har ta ja ni gefe ta ce, "Don Allah in kin gama kada ki yarda su sa ki hawa falwaya da zane."

Haka na yi ta fama, safe aji, yamma mota, littafi a jingine da turmi ina karatu ina daka. Har Allah ya kawo ni shekarar ƙarshe. Aikin da na zaɓa shi ne na'urar busar da tumatir da hasken rana, saboda yadda nake ganin tumatir yana ruɓewa a gefen titi a Ikara in kaka ta yi. Wani dogon akwati ne mai murfin gilashi da tire-tire a ciki, da 'yar fanka mai aiki da sola. Na ajiye shi a tsakar gida, na jera yankakken tumatir, ya bushe ya yi ja gwanin sha'awa. Wannan kauɗar ita ce shaidar da zan nuna wa malamai. Na tara yara na kafa musu doka cewa duk wanda ya taɓa, ni da shi ne.

Mutum ɗaya ce ba ta ji wannan doka ba, wato Inna, mahaifiyar maigidana. Ta zo daga Gazara ana saura kwanaki kaɗan, don ta riƙe mini gida in samu in yi bita. Ana gobe za a yi abin, na dawo daga makaranta a gurguje na tarar ta yi shinkafa da miya. Na ci na ƙara, na ce, "Inna, wannan miya ai sai ke." Ta yi murmushi kawai. Na ɗauki jaka na tafi Zariya in kwana wajen ƙanwata, a kan maigida zai taho da na'urar da safe.

Ya taho ɗin, amma a makare. A bayan akori-kurar masu rake ya ɗoro ta, an naɗe da tamfol, motar kuma ta yi musu gardama a wajen Kudan, suka daɗe cikin rana. Suna isowa ana kiran sunana. Ko leƙawa ban yi ba, ɗalibai suka kama aka shigar da ita zaure. Na dai ga direban ya toshe hanci da hularsa, na ce a raina ƙila mura yake yi.

Malamai suna zaune a jere, a tsakiyarsu wani dattijon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, mai farin gemu, wanda aka ce ba ya dariya. Na yi bayani da Turancin da na kwana ina haddacewa, komai yana tafiya daidai. Sai na ce yanzu za su ga sakamako da idonsu. Na yaye tamfol, na ɗaga murfin gilashi.

Ban ga komai ba tukuna, hancina ne ya fara ba ni labari. Wani wari ne ya taso mai ɗumi, wanda ya sha rana tun daga Maƙarfi, ya cika zauren nan kamar an buɗe rumbu. Wani matashin malami ya miƙe ya nufi taga da gudu. Na duba tire, babu tumatir ko ɗaya. Daddawa ce baƙa ƙirin, an faffaɗa ta an jera reras, kowane tire cike.

Shekarun nan duka suka riƙa gilma mini: fitar asuba, zazzaɓin yara, bukukuwan dangi da na ƙi zuwa har aka yi fushi da ni. In aka kayar da ni, sai wata shekarar, ni kuwa ban san ko ina da sauran ƙarfin wata shekara ba.

Farfesa ya sauke tabarau ya duba takardata, ya duba tire. Ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, "Malama, a nan kin rubuta tumatir."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"To wannan tumatirin na wane gari ne?"

Kafin in buɗe baki, sai muryar maigidana daga bakin ƙofa: "Na Gazara ne, ranka ya daɗe." Bawan Allah, shi a ganinsa taimakona yake yi. Ashe tun a hanya yake jin warin, ya ɗauka wani sinadarin karatu ne. Bai tsaya nan ba, ya zaro waya ya kira Inna, ya kuma sa kowa na ji. Inna kuwa in tana waya, magana take kamar tana kiran mutum daga ƙarshen gona.

Sai da ta gama tambayar hanya da gajiya da mutanen Zariya, sannan ya ce, "Inna, ina tumatirin da ke cikin akwatin nan?"

Ta ce, "Wanne? Kauɗar nan? Ai ita matarka ta ci jiya har ta ƙara, ta ce miyar sai ni. Kai, akwatin nan Allah ya yi mata albarka, ba ƙuda, ba akuya. Ku dawo mini da daddawata dai, kada ta sha raɓa."

Farfesan da aka ce ba ya dariya ya kife kansa a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Zauren ya kece da dariya. Ni ma ban san lokacin da na fara ba, ina dariya hawaye na zuba, ban san na wanne ne ba.

Da aka natsu, ya ce tunda ɗaliba ta cinye shaidarta, sai a yi da abin da ke ƙasa. Ya duba hotunan tumatirin a wayata da awon da na rubuta. Sannan ya ɓantari daddawar ya murza, ya ce in faɗa masa abin da zan sauya a na'urar in da don daddawa na ƙera ta. Nan fa ya shigo gonata. Na yi masa bayanin rage zafi da ƙara iska, da yadda zan buɗe mafitar danshi, na zana a allo, na amsa duk abin da suka jefo. Rabin amsar daga littafi ta fito, rabi daga madafi. Aka ce na ci, da kyakkyawan sakamako ma. Da za mu fita, na ga farfesa ya naɗe 'yar daddawa a takarda ya cusa a aljihun babbar rigarsa. Muka haɗa ido, ya ce, "Don ƙarin bincike."

Yanzu ina aikina na injiniya, kuma in masu iyali suka zo neman shawarar komawa karatu, nakan ce su koma, shekaru ba su hana komai. Amma su sani mai iyali ba ya karatu shi kaɗai, gidan ne gaba ɗaya ke yi, har da baƙon da ya zo jiya. Ka zaunar da kowa ka faɗa masa abin da kake yi da dalilinsa, don abin da ka ajiye a tsakar gida ba bayani, wani zai nemo masa amfani. In kuma abu ya kwaɓe a gaban jama'a, kada ka gudu, ka tsaya ka amsa da abin da ka sani. Sannan ko me za ka buɗe a gaban manya, ka fara kai hancinka tukuna.