Kawu Sale da Garin Gorki

Ku da kuka zauna da Kawu Sale a Tremont kun sani, kafin a gama gaisawa da shi sai Gorki ta shigo zancen. Wani ɗan ƙaramin gari ne a gabashin Belarus, inda ya yi karatun noma zamanin Sobiyet, kafin rayuwa ta jefo shi Bronx tuƙin tasi. Mu ce masa Kawu Rasha, shi kuwa ya harzuƙa: "Belarus! Kai, jahilci bai yi ba!"

In an kawo shayi, sai ya jera kofunan mutane. "Nan kogin Pronya, nan makaranta. Lituweniya ta riƙe garin, Folan ta riƙe, Rasha ta karɓe, Jamus ta mamaye." Na taɓa miƙa hannu zan ɗauki nawa, ya buge ni. "Ajiye! Kogin za ka shanye?"

Ranar da ƙanƙara ta rufe unguwa, ya fito masallaci da 'yar shara.

"Kawu, ina rigar sanyi?"

"Wannan ne sanyi? A Gorki da irin wannan muke shanya!"

Kwana takwas yana kwance. Da na je dubiya, yana tari yana cewa, "Murar nan ma ƙarama ce."

Wata rana ya ɗauko wata tsohuwa a tasinsa, ya ji tana waya da yaren can. Wayyo! Parkchester za ta, sai ga su sun doshi Yonkers, yana ta ba ta labarin kogi. Baiwar Allah ta ce ita ba ta taɓa jin sunan garin ba. Ya ce, "To, ai yanzu kin ji."

Shekara uku yana ce min, "Habu, raka ni garin nan, ƙafata ba za ta iya ni kaɗai ba." Ni kuwa kullum, "Baɗi, Kawu, aiki ya yi yawa." Na ɗauka duk cikin shirmen ne.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar uku, matarsa Inna Hajara ta kira ni gefe. Ashe abokin ɗakinsa na makaranta, wani ɗan Maraɗi, a can Gorki ya rasu. Kawu ne ya yi masa wanka, shi kaɗai ya sallace shi. Kabarin yake son ziyarta. Duk surutun nan nasa, wannan bai taɓa faɗa mana ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan abokinsa, ya sada su a Aljanna. Ni kuma Allah ya yafe min.