Malam Uwaisu, Mai Nutsar da Jirgi da Gangan

Kullum da sassafe Malam Uwaisu zai jingine kekensa a gindin darbejiya, ya gangara bakin dam yana duban inda iska ta dosa, fensir maƙale a kunne. Malamin aikin katako ne a sakandaren garinmu, nan ƙasar Bagwai, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Shekarar da fetur ya gagari talaka, mai jirgin injin da ke tsallako da yara ya ɗaure jirginsa. Ɗaliban tsallaken ruwa suka daina zuwa, har da Kaltume, gwanar zane a ajinsa, ga jarrabawar ƙarshe ta matso. Abin ya tsaya wa Malam a rai. Ya tara 'yan aji suka zana jirgin da ba ya shan mai, suka haɗa shi da katako, suka ɗinke buhunan taki don kama iska.

Da aka gama, sai ya sa aka loda wa jirgin duwatsu aka nutsar da shi a gaɓa. Mu kuwa manoma, ina muka san wannan? Gari ya ɗauka cewa jirgin Malam ya nutse tun bai tashi ba. Muntaka, mahaifin Kaltume, ya zagayo takanas ya gani.

"Malam, a wannan zan sa 'yata?"

"Yi haƙuri, Malam Muntaka. Sai katako ya sha ruwa ya kumbura yake toshe kafofinsa. Ka dawo ran kasuwa."

Dariyar mutanen gari kam Malam ya sha ta, kuma ta yi masa ciwo. Ran kasuwa aka tsamo jirgin aka kwalfe. Malam ya fara sa tasa 'yar, Rahmatu, suka je tsallake suka dawo. Muntaka ya shafa cikin jirgin, ya ji shi a bushe.

"Gobe da ƙarfe nawa za ka zo ɗaukarta?"

Kai ne, Malam, ka hana ruwa raba yaranmu da karatu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk mai sana'a a hannu ya yi koyi da kai, ya duba abin da garinsu ya rasa.

Kaltume, wadda yanzu ta zama malama, ita ce za ta karɓi ajinka. Jiya ta nutsar da sabon jirgin ɗalibanta a gaɓa, kuma ko mutum ɗaya bai yi dariya ba.