Kabarin da Halvard Ya Ƙi Haƙawa

A Berlevåg, garin masunta a ƙurewar arewacin Norway, ƙasa kan daskare wata bakwai, ko diga ba ya shigarta. Shi ya sa Halvard, mai haƙa kabari, tun da bazara yake haƙa kaburburan lokacin sanyi, ya rufe su da katako. Shekara talatin yana kintatar adadin, da wuya ya kuskure.

Wata bazara, wata baƙuwa ta sauka daga jirgin ruwa ita kaɗai. Yawo ya kai ta maƙabarta, ta tarar da ramuka biyar, Halvard na tsaye a gefensu.

"Baba, na su wa ne?"

"Masu su na gida suna shan kofi," in ji shi.

"Wancan fa da ka shata a gindin katanga?"

Wurin da matarsa Gunvor ta zaɓa ne, tun ranar da likita ya ce ba za ta ga Kirsimeti ba. Mako uku yana kewaye shi. In bai haƙa ba, gawarta za ta jira a ɗakin ajiya har ƙasa ta narke.

Sai ga Gunvor, tana dogara sanda, ta kawo masa kofi.

"Tsoho, har yanzu? So kake a jingine ni kamar busasshen kifi? Sanyin da na sha a gidanka ya isa."

Halvard ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki shebur. Baƙuwar ta ajiye jakarta, ta ɗauki wani shebur ɗin. Gunvor ta zauna a kan katanga, tana nuna musu inda ramin ya karkace.