Ɗan Tulun Bishan

Shekara ashirin da ɗaya mijina Lado ya yi a Jidda da Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ko sau ɗaya askar, ɗan sandan ƙasar, bai taɓa riƙe masa riga ba. Mutanen unguwarmu Mahjar suna cewa laya gare shi. Ni da nake wanke masa kaya na san ba shi da komai sai tsoro. Ya san kowane lungu da motar sintiri ba ta shiga, ba ya tsayawa inda mutum uku suka taru, kuma in ciwon haƙori ya kama shi gara ya tauna kanumfari da ya doshi ƙofar asibiti. Da wannan tsoron ya ciyar da ni, da shi muka raini 'yarmu Najwa, wadda a nan aka haife ta, ko hanyar garinmu Ringim ba ta sani ba. In aka kama shi, jirgi za a sa shi, mu kuma mu zauna a nan muna kallon bango. Shi ya sa kullum ya fita hankalina ba ya kwanciya sai na ji tarinsa a matakala.

Aikin Umara ya zo yi, kamar yawancinmu, ya ga wuri ya zauna. Shekarunsa na farko a Makka ya yi su, yana tura tsofaffi a keken guragu tsakanin Safa da Marwa. Da kame ya tsananta a can sai ya gangaro Jidda, ya samu gadi da wankin mota a unguwar Abhur, gidan wani attajiri mai suna Hamad wanda rabin shekara ba ya ƙasar. A gidan ne ya haɗu da Bishan.

Bishan shi ne mai kula da lambu, tsoho ne siriri ɗan Indiya, mabiyin addinin Hindu. Ƙauyensu yana cikin duwatsu, daidai inda koguna biyu suke haɗuwa, ɗaya kore shar, ɗaya kamar kunun gero, su yi tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Mutanensu suna ɗaukar wurin da tsarki, suna zuwa ziyara daga nesa su yi wanka a mahaɗar. Daga ƙauyen zuwa bakin ruwa matakala ce ta dutse mai tsawo, kuma sana'ar Bishan tun yana saurayi ita ce goya tsofaffin da ƙafa ta gaza a cikin kwando, ya sauka da su ya hau da su. Ranar da Lado ya fahimci haka, da gurgun Larabcinsu su biyun, ya dawo gida yana dariya, ya ce ashe aikinsu ɗaya, sai dai shi Allah ya rufa masa asiri da taya.

Ni dai ban so abotar ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce duk Musulmin da ke Abhur bai samu aboki ba sai mai bautar kogi. Lado shi ba ya jayayya, sai dai ya yi abin da ya ga dama. Yau ya zo da na'ana'a daga lambu, gobe tumatur, jibi ya ce in zuba wa Bishan tuwo amma miyar kada a sa nama. Haka na yi shekara tara ina raba tukunyar miyar kuka biyu, ina tsaki, kula tana dawowa a wanke tas.

A ɗakin Bishan akwai wani ɗan tulun tagulla, bai fi lemon zaƙi girma ba, an liƙe bakinsa da dalma, an naɗe wuyansa da jan zare. Ruwan mahaɗar ne a ciki. A al'adarsu in mutum ya zo gargara ana ɗiga masa shi a baki, kuma ba a fasa liƙin sai wannan lokacin. Uwarsa ce ta sa masa a jaka ranar da zai taho. Tun da daɗewa ya nuna wa Lado inda yake ajiye shi, ya ce in ta faru a nan, shi ya ba wa amana. Lado, da bai iya cewa a'a ba, ya ce to. Ni ban ji wannan labari ba sai ranar da ya zama mini ƙaya.

Wata Talata da hantsi Lado ya shigo gida, abin da bai saba ba. Ya ajiye tulun a kan tabarma. Kwana uku ke nan da Bishan ya faɗi a cikin lambu motar asibiti ta ɗauke shi, Hamad kuma yana waje. Da safen nan wata nas 'yar Indiya ta kira da wayar tsohon, ta ce likita ya cire rai, shi kuma ba abin da yake maimaitawa sai sunan Lado da ruwa.

Na dubi tulun, na dube shi.

"Baban Najwa, kana cikin hankalinka kuwa? Baƙin mutum, ba iƙama, da tulu a liƙe da jan zare, a mustashfa, tsakiyar asibiti? Wa za ka gaya wa ruwa ne? Sihiri za su ce, wallahi, kuma ka san wannan ba maganar tarhil ba ce kaɗai, a kora ka gida a huta."

"Na sani, Bilki."

"Ba shi da 'yan'uwansa Indiyawa?"

"Ɗansa yana can ƙauye, kafin ya samu biza halas, ta ƙare. Ni ya ba wa."

"To addininka fa?"

Ya ce, "Ban ce na yarda da koginsa ba. Mutum ne zai mutu a ƙasar da ba tasa ba, ya roƙe ni ruwa."

Na kawo dabara, na ce a juye shi a gorar zamzam, ba mai tare zamzam a ƙofar asibiti. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ba zai yi wa zamzam ƙarya ba, kuma ba zai fasa liƙin a Mahjar ba. Na yi kuka, na kira sunan Najwa, na ce ya tuna ba mu da kowa. Ya zauna yana sauraro, tsoron bai bar shi ba ko kaɗan. Da na ga takalminsa yake nema, sai na jawo kula, na sa tulun a ƙasa, na danna malmalar tuwo biyu a kai. Na ce ni zan riƙe, mace da abinci ba a cika tsayar da ita ba.

Da la'asar lokacin ziyara ya yi, ƙofa ta cika da mutane. Mai gadi ya buɗe kula, tururi ya bugi fuskarsa, ya yamutsa hanci ya ce, "Yalla, yalla." Muka hau hawa na uku. Ɗakin maza ne, na tsaya a bakin ƙofa. Nas ɗin ta ja labule amma ta bar ɗan tsaga, ta nan na gani. Bishan ya zama ƙashi da fata, da roba a hanci. Lado ya goge tuwon da ke jikin tulun da gefen rigarsa, ya sa makullin gida ya ɓanɓare dalmar, ya tallafo kan tsohon. Sau uku ya ɗiga masa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya buɗe ido ya kama yatsan Lado. Ni da na yi shekara tara ina tsaki, sai ga ni ina share hawaye da bakin mayafi.

Muka bar wa nas tulun ta aika wa ɗansa da sauran kaya. Da muka sauko na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce wa Lado ya je bakin titi ya nema mana mota, ni zan shiga masallacin mata in yi la'asar. Ban fi minti goma ba.

Da na fito, motar askar biyu ce a tsaye a wurin da ake jiran mota. An jera mutum bakwai ko takwas a jikin bango ana duba takardu, Lado shi ne na uku. Na tsaya da kula a hannu, tsakanina da shi faɗin titi kawai. Bakina ya buɗe zan kira shi. Ya ɗago ya gan ni, na tabbata ya gan ni, sai ya kawar da kai ya ci gaba da kallon wani shagon sayar da waya, kamar bai taɓa sanina ba. Na gane abin da yake gaya mini: in na tsallaka, mu biyu za a ɗauka, Najwa ta dawo makaranta ta tarar da ɗaki ba kowa. Na ja mayafi na bi gefen titi ina tafiya a hankali kamar sauran mutane. Har aka rufe ƙofar motar bai sake waiwayowa ba.

Bishan ya cika washegari da safe. Lado ya yi sati biyar a gidan tarhil kafin a sa shi jirgin Kano. Yanzu yana Ringim, a ɗakin ƙaninsa, yana koyon garin da ya bari yana saurayi. Yakan kira mu ran Juma'a. Najwa ta tambaye shi sau ɗaya ko ya yi nadama, ya ce ta ba ni wayar. Da na karɓa sai ya tambaye ni ko mun ci abinci.